Kayan Itace Na Wurin Wanka: Yadda A Ke Gama Su Da Yadda A Ke Kiyaye Su

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ka rasa 'yar kujerar itace a makewayi. A kanta tsoho ya ke zama ya yi wanka da hantsi. A kanta mai jego ta ke zama safe da yamma har kwana 40, ana fyaɗa mata ruwan zafi da ganye. A kanta kuma a ke zaunad da mai mura ko zazzaɓi, a ajiye tukunya a gabansa, a lulluɓe shi da bargo ya yi surace. Kusa da ita sau da yawa a kan ga tsohon akushi da koshiya, a da ma har da dangarafai, kafin takalman roba su kore su.

Kayan nan ba su da tsada, shi ya sa ba a cika kula da su ba. Amma in an duba, su ne su ke taɓa jikin mutum sa'ad da ya ke tsirara, fatarsa a jiƙe, ga zafi. Abin da na ke so in bayyana wa 'yan'uwana 'yan makaranta da malamanmu guda ne, watau itace, ko icce yadda mu ke faɗi a ƙasarmu, yana sha, yana kuwa mayarwa. Abin da aka ba shi ya sha, shi zai mayar wa jikin mai zama a kansa. Wanda ya gane wannan, sauran bayanin ba zai ba shi wuya ba.

Mutanen da su ka riga mu bincike

Akwai wata ƙasa can arewacin Turai, sunanta Finlan, mai tsananin sanyi da yawan kurmi. Mutanenta suna da wani ɗakin wanka da su ke kira sauna. Ɗaki ne na katako, a ciki akwai murhu da aka tara wa duwatsu a bisa. A kan hura wuta har zafin ɗakin ya kai digiri 70 zuwa 100, ku tuna kuwa a digiri 100 ruwa ya ke tafasa. Sa'an nan mutum ya hau benci ya zauna, ya riƙa ɗiban ruwa daga bokitin katako da koshiya yana zuba wa duwatsun, tururi na tashi, yana bugun jikinsa da damin ganye. Mutanen ƙasar wajen miliyan 5 da rabi ne, amma ɗakunan nan sun haura miliyan 3. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin al'adun 'yan Adam da ya kamata a kiyaye. A zamanin da, a cikin sauna matansu su ke haihuwa, don shi ne wuri mafi ɗumi da tsabta a gidan.

To, ga ruwan zafi, ga tururi, ga damin ganye, ga mai haihuwa. Ashe abin bai yi nisa da wankan jegonmu da suracenmu ba. Tun da ya ke su duk kayan ɗakin na itace ne, sun daɗe suna gwaji a kan abin da ke sa katako ya jure jiƙewa da zafi. Saboda haka zan riƙa kwatanta dabarunsu da na masassaƙanmu. Inda su ka dace mu ƙara sakankancewa, inda su ka saɓa mu nemi dalili.

Halin itace

Itace ba dunƙulallen abu ba ne kamar dutse. In aka duba shi da madubin likita, sai a ga kamar damin tsinken tsintsiya ne, ko wane tsinke da rami a cikinsa, duk sun miƙe daga saiwa zuwa reshe. Ta ramukan nan ruwa ya ke hawa sa'ad da itacen ke da rai, ba su kuwa toshewa don an sare shi. Wannan ya haifi abu uku.

Na fari, itace ya fi shan ruwa ta wajen da aka datse shi, nesa ba kusa ba. Ƙafafun kujera kuwa a kan datsin su ke tsaye, cikin laimar makewayi. Shi ya sa kujera ta kan fara ruɓewa daga ƙafa.

Na biyu, in ya sha ruwa ya kan kumbura, in ya bushe ya tsuke, amma ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. In bayansa ya bushe da sauri alhali cikinsa na jiƙe, sai bayan ya tsuke, cikin ya ƙi, nan da nan ya tsage. Masu fito a Gulbin Zamfara sun san haka, don jirgin da aka bari a tudu cikin rana ba ya komawa ruwa sai da toshiya.

Na uku, ruɓa ba tsufa ba ne, aikin waɗansu ƙananan halittu ne dangin funfuna, masu cin itace. Ba su iya ci sai da laima. Masana sun auna, sun ga muddin ruwan da ke cikin katako bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓewa. Ke nan jiƙewa ba ta kashe itace, kwana a jiƙe ne ke kashe shi. Dubi allon almajiri. Kullum wanke shi a ke yi, amma da ya ke ana jingine shi ya sha iska, sai ya shekara da shekaru, har ƙane ya gada.

Zaɓen itace

Mutanen Finlan ba su yin benci da katako mai nauyi, don mai nauyi ya kan riƙe zafi ya ƙona cinya. Ba su kuma son mai ƙaro, don zafi ya kan narkad da ƙaron ya manne wa fata. Abin mamaki, ɗaya daga cikin katakon da su ke yin bencin da shi daga ƙasashenmu ya ke zuwa. Shi ne wanda a ke kira obeche a kurmin kudancin Nijeriya, Yarabawa su ce arere, mutanen Gana su ce wawa, Turawan can kuwa su ce abachi. Fari ne, sakwat, ba ƙaro, ba sartse.

Amma kada mu kwaikwaye su ido rufe. Su zafi ne babban abokin gabansu, mu kuwa ruwa. Kujerarmu ba ta zama cikin ɗaki mai digiri 80, cikin taɓo ta ke zama. Itace marar nauyi irin gawo yana da daɗin sassaƙa da ɗauka, amma ruwa da ƙwari ba su daɗewa ba su gama da shi ba. Don kujerar makewayi gara mai tauri, kamar maɗaci ko ƙirya, ko da ya ke ya fi tsada. Akushi da koshiya, waɗanda a ke ɗauka da hannu ɗaya a kuma rataye bayan aiki, su ne a ke yi da mai sauƙi, irin ɗanya. Maje kuwa da 'yan'uwansa masu ƙaro, a bar wa turare.

Masassaƙi ya fi son ɗanyen itace, don gizago ya fi shiga. Saboda haka sabuwar kujera sau da yawa da sauran ruwa a jikinta. Kada a yi gaggawar shafa mata kome. A ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Mai son tabbatarwa ya riƙa ɗora ta bisa sikeli mako mako, ran da nauyinta ya daina raguwa ta bushe. Wajen saye kuma a duba ƙarƙashinta. In cibiyar gungumen, watau tsakiyar zoben nan da a ke gani a datsi, ta faɗo cikin kujerar, to daga nan tsaga za ta fara.

Gamawa

In ta bushe, aikin farko gurza. A bi ta da samfefa mai kaushi, sa'an nan mai laushi, ana bin tsawon itacen, ba a gicciye ba. Inda babu samfefa, yashi mai laushi da tsumma sun isa. A kashe kaifin gefuna duka. Daga nan a shafa mata ruwa da hannu a bar ta ta bushe. Za a ji ta yi kaushi kamar ba a taɓa ta ba, don ƙananan zaruruwan da gurza ta kwantar sun miƙe. A sake gurzawa kaɗan. Wanda ya tsallake wannan, ruwan wanka na farko zai miƙar da su a jikin mai zama.

In kujerar ta haɗi ce, ba sassaƙar gungume guda ba, a lura da ƙusa. Mutanen Finlan daga ƙarƙashi su ke ɗaure bencinsu, ko su nutsad da kan ƙusar, don ƙarfe ya fi itace ɗaukar zafi ƙwarai da gaske. A wurinmu ma ƙusa ba ta da kyau a makewayi. Ta kan yi tsatsa, ta baƙanta itacen da ke kewaye da ita, kamar yadda dukawa ke haɗa baƙi da bagaruwa da ƙarfe, daga baya ta saki ta yagi mutum. Turken itace da aka fiƙe aka buga a rami ya fi ta.

Masassaƙanmu suna da wata dabara tun kaka da kakanni. Su kan gasa ƙarfe ya yi ja, su bi bayan akushi da shi har ya yi baƙi, kana su shafe shi da mai. Wutar ta kan cinye sartse, ta lafad da fuskar itacen. A cikin shekarun 1990 masana a Finlan su ka fito da wata hanya mai kama da wannan. Su kan gasa katako cikin tururi da zafin digiri wajen 200, har cikinsa ya yi duhu. Katakon da aka yi wa haka ba ya shan ruwa kamar da, ba ya yawan kumbura, ƙaronsa kuma ya fita. Aibinsa guda, ya fi saurin karyewa. Mu ma sai a yi ƙuna sama sama, kada a zarce har bakin akushi ya zama gawayi.

Sai batun mai. Amfanin mai shi ne ya shiga ramukan nan ya rage wa ruwa wuri, ba tare da ya rufe itacen ruf ba. A Finlan wani farin mai su ke shafawa, marar wari marar launi, ana ce da shi man farafin. A nan sai a yi hattara, domin a Turancin Ingila da wannan suna kuma a ke kiran kananzir, alhali ba abu ɗaya ba ne. Kananzir ba ya kusantar kayan wanka. Mu ga man kaɗanya a hannunmu, wanda a ke shafa wa jariri ma. A narkad da shi, a shafa kaɗan da tsumma, a bar shi ya kwana, da safe a goge abin da itacen bai sha ba. A yi haka sau 2 ko sau 3. Ƙasan ƙafafu a ƙara musu, in da hali a gauraya da kakin zuma, don can ne ƙofar ruwa. Wurin zama kuwa a goge shi sarai har ya daina santsi. Mace mai ɗanyen jiki, ga tukunyar tafasasshen ruwa a gefenta, ba ta bukatar kujera mai sulɓi. Man gyaɗa yana yi in an rasa na kaɗanya, sai dai in ya daɗe ya kan yi wari da danƙo.

Abin da ba a shafawa

Fenti da man ƙyallin da kafinta ke shafa wa tebur suna da kyaun gani, amma a Finlan ba a shafa su a bencin sauna. Dalili kuwa, fata su ke yi wa itace, ba shiga su ke yi ba. Itacen na kumbura yana tsukewa, fatar ba ta iya binsa, sai ta dare. Ruwa ya shiga ta darewar ya rasa mafita, kujera ta ruɓe a ɓoye tana ƙyalli a fili. Banda wannan, waɗansu fenti akwai dalma a cikinsu.

Mu mutanen yammacin Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su ka tarad da yara na ta mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, kamar su 'Yargalma da Dareta. Da aka bincika, sai aka ga duwatsun zinariyar da a ke kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa cike su ke da dalma. Ƙurarsu ta bi ƙasar tsakar gida, ta bi hannun yara, ta bi hatsi da kayan aikin abinci. Yara aƙalla 400 su ka rasu, dubbai su ka sha magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a yi mata ba sai 2013.

Abin da ya shafi maganarmu a ciki shi ne, dalma ba ta da wari, ba ta ruɓewa, tafasa kuma ba ta kashe ta. Ƙurar da ta shiga tsagar turmi ko akushi ba mai iya rantsuwa ya wanke ta duka. Saboda haka duk kayan itacen da ya taɓa aikin dutsen zinariya ya rabu da abinci da wanka har abada. Kada a ce turmi ya tsufa, bari a kife shi a makewayi a riƙa zama. Haka nan kujerar da aka haɗa da tsohon ƙyaure mai fenti, kada a gurje ta, don ƙurar ita ce gubar, kada kuma a hura wuta da ita, don gubar na bin hayaƙi da toka. A fid da ita daga gida, a nemi shawarar ma'aikatan lafiya.

Biyu sun rage. Ɗaya baƙin man mota, wanda waɗansu ke shafa wa azara da ƙyaure don gara. Ɗaya kuma katakon da aka jiƙa da magani, irin turakun wayar lantarki. Abin da gara ta ƙi ci don guba, bai kamata jariri ya zauna a kai ba.

Kiyayewa

Aikin kullum kaɗan ne. In an gama wanka a ɗauraye kujera da ruwa mai kyau, don sabulu da dauɗar jiki abincin funfuna ne. A fito da ita, a jingine ta a inuwa bisa duwatsu biyu, ƙafafunta ba su taɓa ƙasa ba. Akushi a zubad da ruwansa a kife shi a karkace, iska na shiga ta ƙasa. Koshiya a rataye ta, kada ta kwana cikin tukunya. Mutanen Finlan ma haka su ke yi. In sun gama su kan bar sauran zafin murhu ya busad da ɗakin, su buɗe wa iska hanya, su juye bokiti su fid da shi daga wurin zafi.

Kada a shanya kayan a tsakiyar rana, kada kuma a ajiye su bakin murhu, don abin da ya bushe da gaggawa tsagewa ya ke yi. Ko kayan da ambaliya ta jiƙa, irin wadda ta auka wa Gummi a daminar 2024, a wanke su da sabulu sosai, a bar su su bushe a inuwa sannu sannu.

Mako mako a cuɗe su da soso da sabulun salo, ko da ruwan toka, ana bin tsawon itacen, a ɗauraye sosai. Mutanen Finlan ba su zama a bencinsu sai sun shimfiɗa ƙyalle, ko wane mutum da nasa. Wannan abin koyi ne, balle a gidan da wani ke da makero, tun da ya ke cutar tana iya zama a jikin jiƙaƙƙen abu ta kama na baya.

Shekara kuma tana da nata aiki. Da damina laima da gara ne abin tsoro, sai a yawaita ɗagawa da dubawa. Da hunturu tsagewa ce, don iskar ta kan zuƙe ruwan itace da sauri. Saboda haka a shafa mai sau 2 a shekara, da kaka kafin hunturu ya sauko, da ƙarshen bazara kafin ruwa ya zauna. Gidan da a ke jiran haihuwa a duba kujera tun da sauran wata guda, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In an yi arba'in kuma a cuɗe ta, a busar, a gurje, a shafa mata mai, don a kwana 40 ɗin nan ta sha ruwan zafi wajen sau 80.

Akwai ranar da gyara ba ya yi. A danna ƙasan ƙafar kujera da bakin wuƙa. In ya nutse kamar cikin rogo dafaffe, ta ruɓe, a sake wata. In tana rawa, ko tsaga ta ratsa ƙafa, kada a bari mai jego ko tsoho su hau. Akushin da ya dare har dauɗa ta cika tsagar, a mai da shi na dusar kaji. Amma kujerar da aka kiyaye ba ta saurin kai wa nan, kowa kuwa ya san maɗaci da ƙirya ba su da yawa a dajinmu kamar da.

Rabon malami

Mu da za mu fita koyarwa, wannan darasi ne da ba ya bukatar kuɗi. A yanko itace biyu tsawonsu ɗaya, a tsai da ɗaya bisa datsinsa cikin ruwan shuni, ɗaya a kwantar, yara su ga wanda launi ya fi hawa. A samo guntaye uku, ɗaya a bar shi haka, ɗaya a shafa masa man kaɗanya, ɗaya fenti, a riƙa jiƙa su ana shanyawa har ƙarshen zango, yara na aunawa suna rubutawa. A gayyato masassaƙin gari da gizagonsa ya nuna musu yadda ya ke karanta gungume, don ya san abubuwa da yawa da ba su cikin littafi. Yaron da ya ga wannan da idonsa, in ya koma gida shi zai ɗaga kujerar uwarsa daga cikin taɓo, shi kuma zai hana a kawo turmin dutse kusa da ƙanensa.

Ina roƙon 'yan'uwa da su ka fito daga waɗansu ƙasashe, kamar Katsina da Zazzau da Kabi, su rubuto mana itatuwan da masassaƙansu ke aiki da su, da man da su ke shafawa, mu gwada da namu mu ƙaru da juna.